Gurbin Mai Haƙƙi a Shari'ar Laifuka: Tarihin Sulhu da Diyya a Ƙasar Mubi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta sauya sunan Hukumar Gidajen Yari ta Nijeriya zuwa Hukumar Gyaran Hali. Daga cikin abubuwan da dokar ta tanada akwai damar haɗa mai laifi da wanda ya yi wa laifin, a gaban masu shiga tsakani, domin ya amsa abin da ya aikata, ya biya ɓarnar da ya yi, a kuma share masa hanyar komawa cikin jama'a. Masana shari'a na Turai da Amurka suna kiran wannan tsari da wani suna da za a iya fassarawa da "adalcin mayar da haƙƙi", kuma galibi sukan ɗauko tarihinsa daga wata shari'a da aka yi a jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada a 1974, inda aka sa wasu samari biyu da suka yi ɓarna suka bi gida-gida suna neman mutanen da suka cutar, suna biyan su.

Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa jigon wannan tsari, watau ba wa wanda aka zalunta gurbi da murya a cikin shari'ar da ta shafe shi, tsohon abu ne a ƙasar Mubi da sauran sassan Arewacin Nijeriya, kuma an rage masa ƙarfi ne sannu a hankali tsakanin 1900 da 1968. Za a bi wannan tarihi ta fuskar dokoki da kuma ta fuskar kalmomin da Hausa ke amfani da su, sa'annan a auna shi da halin da Mubi ta shiga daga 2012, domin a nan ne tambayar "wane ne ke da ikon yafewa?" ta tashi daga zancen littafi ta koma zancen rai da jini.

2.0 Kalmomin Fage

Hausa tana da jerin kalmomi a wannan fage waɗanda asalinsu ya kasu uku. Akwai na gida, irin su biya da rama da sasanta da ranko. Akwai waɗanda suka shigo daga Larabci tare da Musulunci, irin su haƙƙi da sulhu da diyya da ƙisasi da afuwa da alƙali. Sa'annan akwai na Ingilishi waɗanda zamanin Turawa ya kawo, irin su kotu da joji da lauya da beli da fursuna. Wanda ya lura zai ga cewa rukuni na farko da na biyu cike suke da kalmomin da ke haɗa mutum biyu, mai laifi da mai haƙƙi, alhali rukuni na uku ya taƙaita ga wanda ake tuhuma da hukumar da ke tuhumar sa.

Aikatau biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne rama. Bahaushe yakan ce an rama duka, amma kuma yakan ce an rama azumi, an rama salla, an rama alheri. Ke nan ma'anar da ta tattaro su duka ita ce cike giɓin da aka bari, ko da cikewar ta zo da zafi ko da daɗi. Na biyu shi ne yafe. Wannan aikatau yana buƙatar mai aikata shi ya zama mamallakin abin da ake yafewa: ba ka yafe bashin da wani ke bi. Daga nan ne maganar nan da ke bakin kowa ta samo ƙarfinta, cewa Allah ba ya yafe haƙƙin wani. Afuwa kuwa ta fi faɗi, domin sarki ko gwamna yana iya yi wa ɗaurarre afuwa ba tare da ya ji ta bakin wanda aka cuta ba. Bambancin da ke tsakanin diyya da tara ma a nan yake: diyya hannun wanda aka zalunta ko magadansa take shiga, tara kuwa aljihun hukuma.

3.0 Ƙasar Mubi Kafin Zuwan Turawa

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Gude da Fali suna daga cikin tsofaffin mazauna yankin, kuma garin Gella, hedkwatar ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a yau, cibiya ce ta Gude. Harshen Gude ɗan iyalin Cadi ne, daga reshen Biyu-Mandara, watau ɗan'uwan Hausa ne na nesa. Al'ummomin duwatsun nan ba su dogara da kurkuku ba wajen maganin laifi. Nauyin laifi yakan hau kan zuriyar mai laifi, dattawa su zauna, a yi rantsuwa idan an yi musu, a biya da dabbobi ko abin da aka mallaka. Inda zaman ya faskara kuwa sai gaba ta ɗore tsakanin gidaje, kuma tsoron wannan gaba shi ne ke tilasta wa kowane ɓangare zuwa wurin sasantawa.

Bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, Mubi ta zama ɗaya daga cikin ƙananan masarautun Fombina, wadda aka kafa hedkwatarta a Yola a 1841. Da wannan sauyi fiƙihun Malikiyya ya zama dokar birane da fadoji. A wannan fiƙihu, kisan kai da raunata jiki suna cikin haƙƙin bayi. Idan an tabbatar da kisan ganganci, waliyyan mamaci ne ke da zaɓi: su nemi ƙisasi, ko su yafe, ko a yi sulhu a kan dukiya, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta buɗe ƙofa. Idan kisan kuskure ne, diyya ce ke wajaba bisa aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, kuma dangin mai kisan ne ke haɗa ta a cikin shekara uku. Cikakkiyar diyya ita ce raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Malikiyya ba su bar hukuma hannu rabbana ba: wanda aka yafe wa kisan ganganci ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda, kuma kisan gilla, watau na yaudara domin ƙwace, ba ya karɓar yafewar waliyyai. Saboda haka tsarin ya raba haƙƙi gida biyu, kaso na mai haƙƙi da kaso na jama'a, kowanne da mai tsaron sa.

Shugabannin jihadi sun ɗauki wannan rabo da muhimmanci. A cikin Kitabul Farƙi, ɗaya daga cikin laifukan da Shehu ya jera wa sarakunan Haɓe shi ne sauya hukuncin shari'a da karɓe dukiyar mai laifi. Abin da ake suka a nan shi ne mai mulki ya mayar da ɓarnar da aka yi wa talaka hanyar samun kuɗin shigarsa, wanda aka cuta ya tashi a tutar babu.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar wannan tsari, musamman a ƙasa irin Mubi. Diyyar wanda ba Musulmi ba ba ta kai ta Musulmi ba, kuma ba a yi wa Musulmi ƙisasi saboda shi sai a kisan gilla. Mutanen kan duwatsu da ba su shiga amana ba kuwa suna wajen da'irar baki ɗaya. Littafin ajiyar labarin yau da kullum na Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke arewa da Mubi, wanda ya ƙunshi shekarun 1912 zuwa 1927, cike yake da lissafin hare-haren da ya aika kan ƙauyukan duwatsu da adadin bayin da aka kamo. Babu waliyyin da aka tambaya, babu diyyar da aka biya. Darasin shi ne sulhu yana aiki ne tsakanin mutanen da doka ta yarda cewa kowannensu mai haƙƙi ne.

4.0 Zamanin Turawa: Daga Diyya Zuwa Tara

Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901, amma Mubi ta faɗa cikin rabon Jamus, ta zama ɓangaren Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, Mubi ta dawo hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, aka riƙa mulkin ta tare da lardin Adamawa. Ta haka tsarin kotunan En'e na Arewacin Nijeriya ya game ta.

Lugga ya bar wa sarakuna da alƙalai ikon shari'ar laifuka, amma da sharuɗɗa: an hana yanke hannu, kuma ba a zartar da hukuncin kisa sai da amincewar Gwamna. Kundin shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, wanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, ya nuna cewa a farkon wannan zamani magadan mamaci da rantsuwa da diyya suna nan daram a cikin shari'ar kisa. Amma akwai sauye-sauye biyu da suka riƙa cin tsarin ta ƙarƙashi. Na farko, da aka haramta hukunce-hukuncen jiki, sai ɗauri ya maye gurbinsu. Gidan yari, wanda a da galibi wurin tsare mutum ne kafin a yanke masa hukunci ko ya biya abin da ake bin sa, ya koma shi kansa hukuncin, fursuna kuma ya zama lebura mai yi wa En'e aiki. Na biyu, da aka kafa baitulmali aka sa alƙalai a kan albashi, tara da kuɗin kotu suka zama wani ɓangare na kasafin kuɗin En'e. Ɓarawon akuya yana iya shan ɗauri ya biya tara, mai akuya ya koma gida ba akuya.

Karon da ya fito da saɓanin a fili shi ne shari'ar Tsoho Gubba da En'e ta Gwandu a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya, wanda ba ya ɗaukar tunzura a matsayin uzurin da ke sauke ƙisasi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, domin a ƙarƙashin kundin laifuka na Turawa abin da ya aikata bai kai laifin da ake kisa a kansa ba. Fiƙihu yana tambayar wane ne ke da jinin, kuma me yake so. Kundin Turawa yana tambayar me ke cikin zuciyar mai laifi, kuma me gwamnati za ta yi masa. Shekaru goma da suka biyo baya an shafe su ana gyaran doka ana warwarewa.

5.0 Sasantawar 1960 da Abin da ya Biyo Baya

Da 'yancin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu suka kai kuka gaban Hukumar Willink ta 1957 zuwa 1958, kuma rashin daidaito a shari'ar kisa da ta shaida yana cikin koke-kokensu. Gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa J.N.D. Anderson na Jami'ar Landan. Sakamakon aikinsu shi ne Kundin Hukunta Laifuka na Arewa, wato Final Kod, wanda aka tsara bisa samfurin na Sudan, shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Kundin ya fara aiki a ranar 30 ga Satumba, 1960.

Wannan kundi ya warware matsala guda ta gaskiya: jinin Bagude da na Bafillace da na Bahaushe ya zama ɗaya a gaban doka. Amma ya yi haka ne ta hanyar karɓe haƙƙin daga hannun kowa ya damƙa wa gwamnati. Abin da ya rage wa waliyyai shi ne sashe na 393 na dokar tsarin shari'ar laifuka, wanda ya umarci kotun gargajiya, kafin ta yanke hukuncin kisa, ta kira dangin mamaci ta ji ko suna son a zartar, ta rubuta abin da suka faɗa domin masu ba da shawara a kan afuwa su duba. Watau abin da a da haƙƙi ne mai yanke magana ya koma ra'ayi da ake saurara. An kuma bar ƙofofi biyu ƙanana: kotu tana iya umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta, kuma an jera wasu ƙananan laifuka da aka yarda a sasanta a kansu.

Mubi ta shiga wannan tsari gadan-gadan bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, lokacin da Arewacin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Nijeriya, aka kafa lardin Sardauna da hedkwata a Mubi. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da kotunan alƙalai hannun gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, gidajen yarin En'e kuma suka koma hannun Tarayya. Daga nan sarki da hakimi suka rasa ikon shari'a a hukumance.

Duk da haka sulhu bai mutu ba, sai dai ya koma zaure. Har yau idan shanu suka shiga gona a ƙasar Mubi, galibi jauro da arɗo da dattawan ɓangarorin biyu ne ke zuwa su ga ɓarna, a ƙiyasta, a biya. Haka abin yake a kasuwar shanu ta Mubi da tsakanin maƙwabta. Jama'a sun san cewa wanda ka kai kotu da wuya ku sake cin tuwo a akushi ɗaya. Raunin wannan sulhu na zaure shi ne ba a rubuta shi, ba a ɗaukaka ƙara a kansa, kuma mai ƙarfi yana iya sa a danne mara ƙarfi da sunan haƙuri, musamman mata da yara a laifin fyaɗe, inda "a rufa asiri" kan zama binne haƙƙi.

6.0 Dawowar Mai Haƙƙi

A 1977 masanin laifuka ɗan ƙasar Norwe, Nils Christie, ya yi hujja da cewa gwamnati da lauyoyi sun ƙwace rigingimu daga hannun masu su. A 1989 ƙasar Niyu Zilan ta sa taron dangi cikin dokar shari'ar yara, bisa tasirin al'adun Mawori. Afirka ta Kudu ta kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa da dokar 1995, Ruwanda kuma ta yi amfani da kotunan gacaca daga 2002 zuwa 2012. A Nijeriya, jihohi goma sha biyu na Arewa, farawa da Zamfara a 2000, sun dawo da ƙisasi da diyya cikin kundin laifukansu. Adamawa ba ta cikinsu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Tarayya ta 2015 ta ƙarfafa biyan wanda aka cuta, dokar 2019 kuma ta ambaci sasanta mai laifi da mai haƙƙi da taron dangi da sulhun unguwa, tun daga gabanin shari'a har bayan fitowa daga ɗauri. Cunkoson gidajen gyaran hali, inda fiye da rabin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, yana daga cikin abin da ya tura hukuma wannan hanya.

7.0 Jarrabawar Mubi

A watan Oktoba na 2012 aka yi wa ɗalibai da wasu mazauna unguwar Wuro Fatuji kisan gilla cikin dare. A ranar 29 ga Oktoba, 2014, Boko Haram ta kama Mubi, ta sa mata suna Madinatul Islam, jama'a suka watse zuwa Yola da duwatsu da Kamaru, kafin sojoji da maharba da 'yan banga su ƙwato garin a watan Nuwamba. A wannan hari ne hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi ta faɗa hannun maharan. A ranar 21 ga Nuwamba, 2017, da kuma ranar 1 ga Mayu, 2018, an tayar da bama-bamai a masallatan garin, mutane da dama suka rasu. Musulmi da Kirista duka suna da jini a ƙasa.

A 2016 gwamnatin Tarayya ta fara shirin karɓar mayaƙan da suka miƙa wuya, da sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, inda ake yi musu wa'azi da nasiha, a koya musu sana'a, su yi rantsuwar barin ƙungiyar, sa'annan a miƙa su ga jihohinsu. Bayan mutuwar Abubakar Shekau a 2021 dubban mutane suka fito daga daji a Borno. Hujjar shirin tana da ƙarfi: da yawa daga cikinsu tilasta musu aka yi, wasu tun suna yara, kuma mayaƙin da ya san kisa kawai ke jiran sa ba zai ajiye makami ba.

Amma idan aka auna shirin da ma'aunin tarihin da aka bi a sama, za a ga cewa afuwa ce ta hukuma. Jama'a suna kiran waɗannan mutane "tubabbu", alhali tuba a wurin malamai, idan laifin ya shafi haƙƙin wani, ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi mai shi ya yafe. Matar da aka kashe wa miji, wadda ta ga an sallami tubabbe da kayan sana'a ita kuwa ba wanda ya tambaye ta, ba ta samu ko abin da sashe na 393 ya ba dangin mamaci a 1960 ba. Ƙorafin da ake ji daga al'ummomin yankin tushensa ke nan, kuma kuskure ne a fassara shi da ƙeta ko son ramuwar gayya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙasar Mubi ta gaji hanyoyi biyu na mayar da haƙƙi, ta dattawan zuriya da ta fiƙihu, kowacce da ƙarfinta da iyakarta. Cewa mulkin Turawa ya karkatar da diyya zuwa tara da ɗauri. Kuma cewa kundin 1960 ya samar da daidaito amma ya mayar da mai haƙƙi ɗan kallo. Abin da ake buƙata yanzu shi ne a haɗa daidaiton 1960 da muryar da waliyyi yake da ita kafin nan: a ji ta bakin wanda aka cuta kafin a mayar da mai laifi unguwarsa, mai laifi ya amsa abin da ya yi a gaban mutanen da abin ya shafa, a biya diyya ko da daga asusun hukuma ne idan shi ba shi da hali, a rubuta sulhun domin kotu ta iya duba shi, kuma kada a tilasta wa kowa yafewa.

Akwai kaso na masana harshe a cikin wannan aiki. Dokokin 2015 da 2019 da Ingilishi aka rubuta su, amma da Hausa da Fulfulde da Gude da Fali za a yi zaman sasantawar. Tafintan da ya fassara afuwar gwamnati da "an yafe musu" ya faɗa wa mai haƙƙi cewa an ba da abin da yake nasa ba da saninsa ba. Tattara kalmomin biya da rantsuwa da sasantawa na harsunan ƙasar Mubi daga bakin dattawan da suka rage, tare da tantance iyakar ma'anar kowacce, bincike ne da ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su sa a gaba.